Tsohon firam na ƙarfe da giya 11: in buɗa bayansa ko in ƙyale shi yadda yake?

Ɗan_Feda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman shawarar manya. Kawuna ya bar mini keken tserensa da ya daina hawa. Firam ɗin ƙarfe ne, irin mai siraran bututu, sunan kamfanin ya goge amma 'yar takardar Columbus SL, wato sunan bututun ƙarfen na Italiya, tana nan a ƙasan sirdi. Giya shida ce a baya, masu haƙora 13 zuwa 21, faranti biyu a gaba, masu haƙora 52 da 42, sandunan canjin giya kuma a jikin firam suke. A shimfiɗaɗɗen titi ba a cewa komai, tafiya yake kamar ana tura shi. Amma da na doshi tudu sai gwiwa ta fara kuka.

Ina da cikakken saitin giya da birki na zamani, Shimano 105 R7000 mai giya 11, har da wilolinsa, na ciro su daga keken alminiyam ɗina da ya tsage. Jiya na gwada sa wilin baya ya ƙi shiga. Na auna tsakanin kunnuwan baya, inda aksul ɗin wili ke shiga, na ga milimita 126, hob ɗin kuma, wato cibiyar wilin, 130. Wani mai gyara ya ce abu ne mai sauƙi, a buɗa firam ɗin kawai. Ni kuma gabana ya faɗi. Shin buɗawar tana cutar da ƙarfen? Kuma bayan ita me ke jirana a gaba?

MaiSifana:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka. Faɗin baya ya daɗe yana ƙaruwa yadda giya ke ƙaruwa: 120 a zamanin giya biyar, 126 da aka koma shida da bakwai, 130 daga takwas har zuwa 11 a kekunan titi masu birkin rim. Milimita huɗu ake magana, biyu a kowane gefe. Ƙarfe yana karɓar wannan ba tare da ya ce uffan ba. Da alminiyam ne ko kabon da na ce kada ka ko fara. Gaba kuwa babu matsala, 100 ne da, 100 ne yanzu.

Tsohon_Sirdi:
Yaro, kafin ka ɗauki katakon buɗa firam ka tambayi kanka abin da kake so. Keken da aka ƙera wa giya shida ka jibga masa baƙin kiranki (hannun feda da farantinsa) mai kauri kamar murfin tukunya, me ya rage na kyansa? Da tsohuwar zuma ake magani. Mun hau tuddai da 42 da 21 shekara da shekaru, ba mu mutu ba.

Kaca_Goma:
Baba, ba ku mutu ba, amma ina gwiwoyin? 😂

Tsohon_Sirdi:
Suna nan, ɗaya ce dai take hasashen ruwan sama.

Maman_Giya:
Ni ban ma buɗa nawa ba. Firam ɗina na Japan ne, bututun Tange, shi ma 126. Da manyan yatsu biyu nake ɗan ware kunnuwan in cusa wilin 130, shekara ta uku ke nan, ko gezau. Abin da zan faɗa maka tsakani da Allah shi ne ranar da taya ta yi faci a hanya, hannu duk giris, magariba na gabatowa, sai ka ji kamar kana buƙatar hannu na uku: ɗaya ya ja direla, mai canza wa kaca giya, baya, biyu su ware firam, wilin kuma babu mai riƙe shi. Na saba, amma ba zan ce da daɗi ba.

Injiniya_Boris:
Abin da Hajiya Maman_Giya ta faɗa yana aiki, amma akwai gyara a kan maganar MaiSifana. Ba buɗawar ce ke ɓata keke ba, buɗawa ba awo ce. Ƙafafun baya biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ta dama galibi an lotsa ta don faranti da taya su sami wuri, saboda haka ita ke fara miƙa wuya. In ka sa dogon ƙarfe mai zare da noti biyu ka yi ta murzawa, za ka ga 130 a ma'auni ka yi murna, alhali dama ta tafi uku da rabi, hagu rabi kacal. Keke ya koma tafiyar kaguwa.

Yadda nake yi: gefe ɗaya bayan ɗaya, da dogon katako, a jingina shi da bututun sirdi bayan an naɗa tsumma, a danna kaɗan, a saki, a auna. Ƙarfe yana komawa baya, sai ka wuce inda kake so da nisa kafin ya zauna, shi ya sa ba a yi da gaggawa. Sannan ka ɗaura zare daga kunnen hagu, ya zagaya ta gaban wuyan keke, ya dawo kunnen dama. Auna daga zaren zuwa bututun sirdi a kowane gefe. In lambobin biyu sun yi daidai, bayan yana tsakiya.

Ba a gama ba. Da ka ware ƙafafun, fuskokin kunnuwan sun daina kallon juna sosai, sun ɗan buɗe baki. A milimita huɗu karkatar kaɗan ce, amma tana matsa wa aksul da boris. Akwai ƙarafa biyu masu kai kamar kofi da ake ɗaurawa a daidaita su. Marataya direla ma a duba ta, don giya 11 ba ta yafe karkata yadda shida ke yafewa. Tazarar haƙoran ta matse ƙwarai.

Togiya ɗaya: Reynolds 753 da ire-irensa da aka gasa da wuta bangonsu siriri ne, ba a lanƙwasa su a sanyi. Columbus SL da Reynolds 531 ba sa cikin wannan.

Ɗan_Feda:
Na gode Injiniya. Wato ɗan hakin da ka raina. Ni da na ɗauka aikin minti biyar ne.

MaiSifana:
Na karɓi gyara. Amma Ɗan_Feda, bar maganar baya tukuna, juya keken ka dubi gidan kiranki, ramin nan na ƙasan firam da kofunan boris ke murɗuwa a ciki. Tunda ka ce Columbus, akwai yiwuwar zaren Italiya ne. Auna faɗin gidan: 68 na Ingila ne, 70 na Italiya. Ko ka goge kofin ka karanta, za ka ga 1.37 x 24 ko 36 x 24. Kofunan da ka ciro daga keken alminiyam kusan tabbas na Ingila ne, ba za su kama a na Italiya ba, za su zurma ne kawai. Shimano suna yin kofunan Hollowtech II, wato irin na kirankinka, na zaren Italiya, kirankin naka zai shiga ba canji.

Sarkin_Tudu:
Zaren Italiya! Ku bar ni in ba da labari. A na Ingila kofin dama zarensa na hagu ne, don haka tuƙi ba ya kwance shi. A na Italiya duka biyun na dama ne, kofin dama kullum neman hanyar fita yake. Wani bakanike ya ɗaura mini nawa da ƙarfin hannu kawai, ba ma'auni, ba maganin riƙe zare. Ina tsakiyar hawa sai na ji giyar gaba tana gurzar kaca, na gyara, ta sake, na gyara. Da na sauka na leƙa, kofin ya fito har ana ganin zare uku, faranti yana rawa. Da dutse da tsinken ƙarfe na mayar da shi, duk kilomita biyu sai na tsaya na sake bugawa. Tun ranar, in na Italiya ne, a wanke zaren, a ɗiga masa shuɗin maganin nan, a ɗaure shi tamau.

Injiniya_Boris:
Ƙari a kan haka: kofunan zamani a waje suke zama, suna jingina da fuskar gidan. In fuskokin biyu ba su miƙe ba, ko fenti ya taru a kai, boris zai ci kansa cikin 'yan watanni. A sa a aske fuskar da abin yankanta kafin a ɗaura.

Bafaranshe_73:
Ku gode wa Allah ku masu na Italiya. Ni tsohon keken Faransa na ɗauko, na shekarun 1970. Gidan kiranki 35 x 1, ba na Ingila ba, ba na Italiya ba. Wuyan da ke riƙe kan keke milimita 22.0 maimakon 22.2, sai da na zauna da sanfefa ina cin sabon wuya har ya shiga. Zaren feda 14 x 1.25 maimakon 9/16. Maratayar direla kuma irin ta kamfanin Simplex ce, ba zare a raminta, ba ɗan ƙugiyar da direlar zamani ke tokara. Duk abin da na taɓa sai ya ce shi ba haka ake yi a gidansu ba. Ga kuma na Suwizalan, shi ma 35 x 1 amma damansa zaren hagu. Kafin ka sa sifana ka tabbatar da wanda ke gabanka, in ba haka ba kana zaton kwancewa kake ashe ɗaurewa kake.

Kaca_Goma:
Tsofaffin Raleigh na Nottingham ma nasu daban, zare 26 a inci maimakon 24. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Hauwa_Rim:
Mun yi nisa da tambayar bawan Allah. Ɗan_Feda, birki fa? Abu biyu. Na farko, wane wili ne a kai yanzu? Karanta jikin taya. In ka ga 622, to 700C ne, daidai da sabbin wilolinka. In 630 ne, wato inci 27, robar birki sai ta sauka milimita huɗu kafin ta sami rim, kuma gajeren birkin tsere da ke kaiwa milimita 39 zuwa 49 sau da yawa ba ya isa. Sai a nemi matsakaici, 47 zuwa 57, ko dogo irin Tektro R559 mai kaiwa 55 zuwa 73. Na biyu, notin da ke riƙe birkin. Tsofaffin kekuna notinsu a waje yake, sabbin birki kuma notinsu nutsewa yake cikin rami, ƙusarsu gajera ce. A gaba ana faɗaɗa ramin bayan fok zuwa milimita 8, bayan kawai, ba a taɓa na gaba. A baya kuwa injin huji ba ya samun wurin shiga saboda bututun sirdi, shi ya sa wasu ke sa birkin gaba mai doguwar ƙusa a baya su ɗaure da noti na yau da kullum.

Tsohon_Sirdi:
Kun ji ko? An fara da katako, yanzu an kai ga huji. Gobe sai walda.

Hauwa_Rim:
Baba, da girmamawa, birki ne wuri ɗaya da ba na jayayya a kansa. Na hau keke da birki mai ƙusa ɗaya irin na da a gangara cikin ruwa, na matse har yatsuna suka ƙage, keke na tafiya abinsa. Mai ƙusa biyu da ya zo wajen 1990 da yatsa biyu ake tsayar da shi. Ado ba ya tsayar da keke.

Tsohon_Sirdi:
'Yata, robar ce ta bushe ta zama dutse. Sabuwar roba da sabuwar waya mai santsi a ciki, ki dawo ki ba ni labari. Amma na yarda, mai ƙusa biyu ya fi kamu.

Lissafi_Dole:
Ni tambayata daban ce. Ɗan_Feda ya ce gwiwa ke damunsa a tudu, bai ce giya shida ta yi masa kaɗan ba. Matsalarsa 42 da 21 ce, wato duk zagayen feda ɗaya taya ta zaga sau biyu. In ya sa firiwil, wato jerin haƙoran baya mai murɗawa, mai 14 zuwa 28 ya koma ɗaya da rabi, ba a taɓa firam ba, ba a taɓa wili ba. In tsohuwar direlar ba ta ɗaukar 28, a sa mai dogon hannu. Sandunan giya na jikin firam, in marasa ƙas-ƙas ne, ba ruwansu da kamfani ko adadin giya, kusan duk abin da ka ɗaura za su ja.

Abin da ke hana ƙaramin faranti a gaba shi ne da'irar ƙusoshin kiranki. Tsohon Campagnolo 144 ne, 42 ce kusan iyakarsa. Shimano na da 130, yana sauka 39. Mai 110 shi ke ɗaukar 34. Akwai farare masu sheƙi masu 110 da ke hawa kan aksul mai kai murabba'i, daga nesa ba ka bambanta su da na da. 34 da 28 ya kai ka wajen 1.2. Ban ce kada ya sa 105 ba, na ce dai ya san ciwon da yake yi wa magani.

Kaca_Goma:
Lissafinka daidai, amma mutumin yana da kayan a ajiye. Don me zai sake nemo wasu? Kuma canjin giya a hannun birki ba ƙaramin abu ba ne. Tun 1990 Shimano suka kawo STI, Campagnolo suka biyo da Ergopower a 1992, ba a banza 'yan tsere suka bar sandunan jikin firam ba. Cikin mutane, ko kana tsaye a kan feda, wa ke son sakin hannu ɗaya?

Maman_Giya:
Ga masu wilin 126 na kaset mai giya bakwai da ba sa son buɗawa, akwai tsohuwar dabara da marigayi Sheldon Brown, masanin gyaran keke, ya yaɗa: ka ɗauki kaset mai tara ka cire haƙori ɗaya, takwas ɗin da suka rage su zauna a hob ɗin bakwai, ka yi aiki da hannun giya mai tara. Na yi wa ƙanena haka. Ba ta shafi Ɗan_Feda ba tunda nasa firiwil ne mai murɗawa, na faɗa ne don masu karatu a ɓoye.

Ɗan_Tsere_87:
Abin da ba a ambata ba: in kana da burin wata rana ka shiga Eroica, haɗuwar masu hawan tsofaffin kekuna wadda aka fara a Gaiole in Chianti a Italiya a 1997, ƙa'idarsu keken 1987 ko kafin nan, ko mai kama da shi, sandunan giya a jikin firam, feda mai keji da maɗauri, wayar birki a waje tana lilo saman kan keke. Da 105 a jiki ba ka shiga. Buɗa baya ba zai hana ka ba, amma tsofaffin kayan kada ka yar da ko wosha ɗaya.

MaiSifana:
Mu koma kan abin da ke jiransa, tunda shi ya tambaya. Wuya. Naka mai zurmawa ne cikin fok na inci ɗaya, 22.2, kuma bakinsa mai yiwuwa 26.0 ne, ko 26.4 in tsohon Cinelli ne. Kan keken zamani 31.8 ne, ba zai shiga ba. Ana sayar da sandar da ke zurmawa ta ba ka 28.6 a sama ka ɗaura wuyan zamani. Tana aiki, amma a idona kamar an sa wa barewa wuyan sa ne. Ba dole ba ce ma, don inda hannun birki ke kamawa 23.8 ne a tsoho da sabo. Hannayen R7000 za su hau tsohon kanka. Sai dai tsohon lanƙwaso mai zurfi yana barin kwari tsakanin kan da robar hannun, tafin hannu ba ya samun shimfiɗa. Akwai kan zamani mai gajeren lanƙwaso a 26.0, shi nake sawa.

Inda sandunan giya suke, ka cire su ka ɗaura 'yan matokaran waya masu abin murzawa a kan ƙusoshin nan biyu. Direlar gaba kuma: in mai ɗamara ce, bututunka 28.6 ne, sai an sa cika a cikin ɗamarar. In kuma 'yar marataya ce aka like a jikin firam, an sa ta ne don faranti 52 ko 53, wani lokaci direla ba ta sauka ta kai 50.

Sarkin_Tudu:
Da makullin wili. Tsofaffin kunnuwa a kwance suke, doguwar tsaga ce, ba abin da ke riƙe aksul sai matsi. Makullan zamani marasa nauyi, masu harshe a waje da fuskar alminiyam, an yi su ne don kunnuwa masu kallon ƙasa. Na miƙe kan feda a danja, wili ya zame ta dama, taya ta cije ƙafar hagu, na tsaya cak na kife a gaban jama'a. Fentin wurin har yau babu. Ka yi amfani da mai harshe a ciki da haƙoran ƙarfe. Tsohon na Kawu ma ya fi, in tsawonsa ya kai.

Kaca_Goma:
Sarkin_Tudu, kai kam kowane darasi da fatarka ka biya.

Ɗan_Feda:
Na dawo da awo. Gidan kiranki 70, kofin an rubuta 36 x 24, MaiSifana ka canka. Taya 622 ce, alhamdu lillahi, kuma notin birki nutsattse ne gaba da baya, ba huji, Baba Tsohon_Sirdi ya huta. Na bi hanyar Hajiya na ware da hannu na cusa wilin don in gani. Ya shiga, amma in kaca tana kan ƙaramin haƙori na 11 tana shafar ƙarshen siririn bututun da ya sauko daga sirdi, har ta ɗan ci fenti. Sannan sabuwar matsala: sandar sirdi ta ƙi motsi. Na kwance ƙusa, na murɗa da ƙarfina, sirdin ne ma yake neman karyewa. Kawu ya fi ni tsawo da kusan yatsa uku.

Injiniya_Boris:
Ajiye maganar giya gaba ɗaya sai sandar ta fita. In ba ta fita ba firam ɗin ba naka ba ne, na Kawu ne har yanzu. Alminiyam da ƙarfe in sun daɗe ba giris, farin gari ke fitowa tsakaninsu ya kumbura ya cije. Cire kiranki, kifa firam, zuba man kwance tsatsa ta gidan kiranki ya gangara bututun, ka ba shi kwanaki. Sannan a kama kan sandar a bayis a juya firam ɗin kansa, shi ne doguwar sifanarka. Kada ka buga ta ciki da guduma, kada ka sa wuta: alminiyam ya fi ƙarfe kumbura da zafi, ƙara cijewa zai yi. In ta fita duba lambar jikinta, a SL yawanci 27.2 ce. Tunda gidan a buɗe yake, haska tocila cikin ƙafafun baya. Jan ƙura ba komai, ɓawon tsatsa mai faɗowa shi ne abin tsoro.

Hauwa_Rim:
Shafar kacar kuwa sananniya ce, an ƙera wurin ne da zaton 13 ne ƙarami kuma yana nesa da kunne. Wani lokaci in an buɗa an daidaita kunnuwa sai ta daina. In ba ta daina ba, woshar milimita ɗaya a dama ƙarƙashin notin aksul, a sake daidaita rim ya dawo tsakiya. Wasu hob ɗin ba sa karɓar wosha, duba naka.

Lissafi_Dole:
Ko ya murɗa ƙusar iyaka ya rufe 11 ɗin baki ɗaya. Mai ciwon gwiwa me zai yi da 50 da 11?

Tsohon_Sirdi:
To kun ga, an sayi goma sha ɗaya an koma goma, saura huɗu ku iso inda nake. Yaro, na ga ka riga ka yanke shawara, ba zan hana ka ba. Roƙona ɗaya: duk abin da ka cire ka wanke, ka shafa mai, ka sa a kwali ɗaya ka rubuta suna. Kuma kada ka bari kowa ya kusanci firam ɗin nan da zarto ko fayil, ko da sunan milimita ɗaya ne.

Sabon_Shiga22:
Salam, ku yi haƙuri da katsalandan. Nawa firam ɗin 120 ne, giya biyar. Shi ma zai kai 130, ko ya yi yawa? Kuma ana iya yi masa waldar birkin faifai?

MaiSifana:
Faifai a'a, siririn fok irin na da ba a yi shi don wannan murɗar ba. 120 zuwa 130 ana yi, biyar ne kowane gefe, amma ba da yatsu ba, kuma a sa ido kan 'yar gadar da birki ke kamawa kada likinta ya buɗe. Wane bututu ne, akwai takarda a jiki? Ɗan_Feda, kai kuma ba ka faɗa mana ba, direlar gaban taka mai ɗamara ce ko likakkiya?

Ɗan_Feda:
Likakkiya ce. Farantina 50 da 34. Yanzu dai keken yana kife a jingine da bango, man yana ciki tun jiya. Da safe na gwada, ban sani ba ko sandar ce ta ɗan yi ƙara ko sirdin ne.